Kalmar "check": ta yaya sarkin Farisa ya zama takardar banki?

Malama_Bazazzagiya: Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare, kuma a makon jiya wata ɗalibata 'yar aji biyar ta yi mini tambayar da ta tsayar da ni cak a gaban allo, da alli a hannuna. Mun karanta wani labari ne inda kalmar "check" ta fito sau uku, kowace da ma'anarta: a wuri na farko likita ne yake duba majiyyaci, a na biyu an ce gwamnati ta kasa daƙile hauhawar farashi, a na uku kuma wani mutum ne sanye da riga mai zanen gidan dara. Yarinyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, shin kalma ɗaya ce, ko kuwa kalmomi uku ne da suka yi kama da juna?" Na ce mata ta ba ni zuwa Litinin. Da na koma gida na buɗe ƙamus sai na tarar abin ya wuce uku, domin har da takardar cire kuɗi daga banki, da alamar da muke yi da jan biro idan amsa ta yi daidai, da takardar kuɗin abinci a Amurka. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ƙamus ɗin ya ce dukkansu sun samo asali ne daga kalmar Farisanci "shah", wato sarki. Ina roƙon masana da ke nan su warware mini yadda aka yi sarki ya haifi waɗannan ma'anoni duka.

Ɗan_Kurmi: Wa alaikumus salam, Malama. Ni dai ban gamsu da wannan bayani na ƙamus ba, domin kama da wane ba ta wane. A Hausa muna da gari na zama da gari na tuwo, a rubuce iri ɗaya suke, amma babu mai cewa uwarsu ɗaya. Ina ganin kalmomi ne daban-daban da suka haɗu a rubutu kawai, masu ƙamus kuma suka ɗinke su da ƙarfin tsiya.

Malam_Nahawu: Ɗan_Kurmi, misalinka na gari yana da kyau, kuma Turanci yana da irinsa da yawa, amma wannan kalma ba ta cikinsu, domin ana iya bin sawunta a rubuce-rubuce daga ƙarni zuwa ƙarni ba tare da sawun ya ɓace ba. Mabuɗin al'amarin shi ne wasan ces, wanda wasu ke kira darar Turawa, ko da yake ba Turawa suka ƙirƙiro shi ba. A Indiya aka fara shi wajen ƙarni na 6, da sunan "chaturanga", ma'ana sassa huɗu na runduna: giwaye, da dawaki, da kekunan yaƙi, da dakarun ƙasa. Daga can ya shiga Farisa, bayan Musulmi sun ci Farisa a ƙarni na 7 Larabawa suka karɓe shi suka kira shi "shaɗranj", sannan ya bi ta Andalus da tsibirin Sisili ya shiga Turai wajen ƙarni na 10.

A ƙa'idar wasan, idan ɗan wasa ya kai wa sarkin abokin karawarsa hari, sai ya faɗa masa da baki, ya ce "shah", kamar dai ya ce, "Kula da sarkinka." Wannan kira shi ne ya bi wasan duk inda ya je. A Latin na tsakiyar zamani ya zama "scaccus", a tsohon Faransanci ya zama "eschec", kuma daga nan Turanci ya are shi wajen farkon ƙarni na 14, ya yar da harafin farko. Jam'in kalmar a tsohon Faransanci, wato "esches", shi ne ya zama sunan wasan da kansa a Turanci, saboda haka "check" da "chess" tilo ne da jam'i na kalma ɗaya.

Yanzu Malama ta dubi halin da sarki yake shiga idan aka yi masa wannan kira. Duk wani shiri da mai shi yake ƙullawa ya tsaya ke nan, dole ya bar komai ya kare sarkinsa. Daga nan aka sami ma'anar tsayarwa da daƙilewa, wadda ta bazu a wajen wasa a ƙarni na 16. Wanda kuma ya tsayar da kai domin kada ka wuce da kuskure ko zamba, ai sai ya duba abin da ke hannunka, to nan ma'anar bincike da tantancewa ta fito. Zanen gidan dara kuwa daga allon wasan ne kai tsaye. Ma'anoni ukun da ɗalibarki ta gani sun fito ke nan, biyu daga kiran, ɗaya daga allon.

Ɗan_Kurmi: Na yarda da zanen riga, domin wannan ido ma ya gani. Amma daga tsayarwa zuwa duba majiyyaci, har yanzu ina ganin tazara.

Direban_Tirela: Ɗan_Kurmi, da a ce kana bin hanya kamar yadda muke bi, da ba ka ga wata tazara ba. Shekarata goma sha tara ina jan babbar mota daga Arewa zuwa Legas, kuma ban taɓa zuwa shingen jami'an tsaro inda aka bincike ni ba tare da an fara tsayar da ni ba. A ɗaga maka hannu, ka taka birki, ka sauko da takardun mota, a haska tocila a cikin kaya, duk a wuri ɗaya kuma da suna ɗaya. A wurin direba tsayarwa da bincike tagwaye ne. Tambayar da ni kuma nake da ita ita ce, Malama ta rubuta cewa tambayar ta tsayar da ita "cak". Shin wannan "cak" ɗin namu ba daga kalmar Turancin muka aro shi ba, tunda ma'anar ta zo ɗaya?

Malam_Nahawu: Direba, misalinka ya fi nawa fito da abin fili. Game da "cak" kuwa, namu ne na gado. Yana cikin kalmomin nan gajeru da muke ƙarfafa aikatau da su, irin su cika fal, da ƙare kaf, da ɗaya tak, da zauna daram, kuma irin waɗannan kalmomi ba kasafai harshe yake aro su ba. A nan ne karin maganar da Ɗan_Kurmi ya kawo ta yi aiki. Abin da muka aro shi ne "cek" na banki, da kuma "cekin" da matasa suke cewa idan za su duba wani abu a waya.

Almajirin_Gwale: Allah ya gafarta Malam, ina da ƙari a kan abin da ka faɗa. Ƙarshen wasan, wanda Turawa suke kira "checkmate", Larabci ne tsantsa, wato "ash-shahu mata", sarki ya mutu. Duk wanda ya yi karatun littattafai ya san "mata, yamutu, mautan". Ina kuma tunanin "shah" ɗin ma ɗan'uwan "shaikh" ne, wanda ya zama Shehu a bakinmu, tunda dukkansu shugabanni ne.

Malam_Nahawu: Almajiri, a magana ta biyu ka zame. "Shaikh" Larabci ne daga tushen da ke nufin tsufa, shi ya sa ake kiran dattijo da shi ko da ba ya riƙe da sarauta. "Shah" kuwa Farisanci ne, kuma Farisanci ba dangin Larabci ba ne, dangin harsunan Indiya da Turai ne, duk da cewa da haruffan Larabci ake rubuta shi. Sarautar ta daɗe ƙwarai, kuma na ƙarshe da ya riƙe ta shi ne Muhammad Reza Pahlavi, wanda ya bar Iran a watan Janairun 1979.

Maganarka ta farko kuwa tana da magoya baya, domin haka Larabawa suka ji kalmar, kuma haka aka daɗe ana fassara ta. Sai dai masana da yawa suna ganin "mat" ɗin ma Farisanci ne, da ma'anar wanda ya ruɗe ya rasa mafita, kuma suna kafa hujja da wasan kansa, domin a ces ba a cinye sarki kamar yadda ake cinye sauran 'ya'yan wasa. Ana ritsa shi ne har ya rasa gidan da zai matsa, sai a tashi wasa yana tsaye a kan allo. Ni na fi karkata ga wannan, amma ba zan ce wanda ya bi ra'ayinka ya yi ɓatan kai ba. Wani abin sha'awa shi ne, "mutu" namu na Hausa masana harshe suna lissafa shi a matsayin ɗan'uwan "mata" na Larabci tun daga tushe, ba ta hanyar aro ba, domin harsunan biyu zuriya ɗaya ce mai nisa.

Almajirin_Gwale: Na karɓi gyara a kan Shehu, Allah ya ƙara sani. A kan "mata" dai ina nan a kan bakana, domin ta hannun Larabawa wasan ya isa Turai, kuma abin da Larabawa suka fahimta shi suka miƙa.

Tsohon_Akawu: 'Ya'yana, ku bar ni in shigo da maganar kuɗi, domin nan ne na ƙare ƙuruciyata. Na fara aikin banki tun ana lissafi da fam da sule da kwabo, kafin a sauya zuwa naira a ranar 1 ga Janairun 1973, kuma tun a lokacin nake mamakin abin da ya sa ake kiran ministan kuɗi na Birtaniya "Chancellor of the Exchequer". Daga baya na gano cewa wannan suna ma daga allon wasan ya fito. A ƙarni na 12, tun zamanin Sarki Henry na Ɗaya, ma'aikatan baitulmalin Ingila suna zama ne a gaban wani babban tebur da aka shimfiɗa wa ƙyalle mai layuka kamar allon ces. Kowane layi yana da darajarsa, wannan na kwabo, wannan na sule, wannan na fam, har zuwa dubbai. Sau biyu a shekara, lokacin Ista da kuma ƙarshen Satumba, wakilan sarki na larduna suke zuwa da harajin da suka tara, sai a jera 'yan ƙwayoyi a gidajen ƙyallen, a sama abin da ake bin mutum, a ƙasa abin da ya kawo, kowa yana gani da idonsa ko da bai iya karatu ba. Wanda ya taɓa gwada tara lambobin Rumawa a takarda zai gane dalilin da ya sa suka gwammace ƙyalle da ƙwayoyi. Sunan ƙyallen ya zama sunan ma'aikatar, kuma yau kusan shekara 900 ke nan sunan yana nan a muƙamin ministan.

Rasit ɗinsu kuma sanda ce. Ana yi mata tsaga-tsaga gwargwadon kuɗin, sannan a raba ta biyu a tsaye, mai biya ya tafi da rabi, baitulmali ya ajiye rabi, ranar da gardama ta taso sai a haɗa su a ga ko tsagar ta dace. Sun ci gaba da wannan har cikin ƙarni na 19, kuma a watan Oktoban 1834, da aka zo ƙona tsofaffin sandunan a murhun da ke ƙarƙashin zauren majalisa, wutar ta fi ƙarfin murhun ta cinye mafi yawan ginin majalisar dokokin Birtaniya.

Na kawo maganar sandar ne domin ita ce ta bayyana cek. A zamaninmu littafin cek yana da gindi, wato guntun da ke saura a jikin littafi bayan an yage takardar, inda mai asusu yake rubuta lamba da kwanan wata da adadin kuɗi. A farkon ƙarni na 18 wannan gindin ne ake kira "check", domin da shi ake tantance takardar a kama jabu, daga baya sunan ya koma kan takardar gaba ɗaya. Turawan Ingila suka riƙa rubuta shi "cheque" domin su bambanta shi da sauran, Amurkawa kuma suka bar shi yadda yake.

Ɗalibin_Fiƙihu: Baba, tare da girmamawa, a nan ne nake da ja. Bayanin da aka yi a kan wasa da allo da baitulmali ban musa ba, amma cek na banki yana da wani asali da ya fi wannan kusa, wato "sakk" na Larabci, wanda jam'insa shi ne "sukuk". Takarda ce da ake rubuta wa mutum domin ya je ya karɓi kuɗi ko kaya a wani wuri, kuma ta girmi bankunan Landan da ɗaruruwan shekaru. A cikin Muwaɗɗa Malik akwai labarin takardun abinci da aka raba wa mutane a zamanin Marwan bin Hakam, suka riƙa sayar da su tun kafin su karɓi abincin, har Zaidu bin Sabit ya shiga wurin Marwan ya yi inkarin haka. A ƙarni na 10 kuma matafiyin nan Ibn Hauƙal ya rubuta cewa a garin Audagust, a ƙasar Muritaniya ta yau, ya ga "sakk" na dinari 42,000, bashin da ke tsakanin wani attajirin garin da wani ɗan kasuwar Sijilmasa ta Maroko, ya kuma ce bai taɓa ganin irinsa a ƙasashen gabas ba. Wato a bakin Sahara, a kan hanyar fataucin zinariya, ana rubuta irin wannan takarda tun Ingila ba ta san banki ba. Lafazi ya yi kusa, aiki ya zo ɗaya, kuma Turawa sun yi ciniki da Musulmi a Bahar Rum shekaru aru-aru. Me zai sa mu bar wannan mu tafi neman gindin takarda? Ko gwamnatin Nijeriya da ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 a 2017 domin gina hanyoyi, wannan tsohuwar kalmar ta ɗauko.

Bakatsine_77: Wannan shi ne zancen. An saba, duk abin da Musulmi suka fara sai a nemo masa wani uba a Turai.

Malam_Nahawu: Bakatsine, a wannan karon ba a nemo masa uba a Turai ba, domin ko ta wace hanya aka bi, gabas ake komawa. Ɗalibi, duk abin da ka kawo na tarihi gaskiya ne, kuma akwai marubutan da suke tare da kai. Amma akwai bambanci tsakanin asalin abu da asalin sunansa. Babu mai musun cewa 'yan kasuwar Musulmi sun riga Turawan Ingila amfani da takardar biyan kuɗi. Matsalar ita ce, idan "sakk" ne ya zama "cheque", ya kamata a ga kalmar tana tafiya a cikin takardun Italiya ko Faransa ko Ingila na tsawon ƙarnonin da ke tsakani, kamar yadda ake ganin sawun "tariff" da "magazine", waɗanda kowa ya yarda daga Larabci suka fito ta hanyar Italiya. Ga cek ba a ga wannan sawu ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin takardun cek na Ingila da suka saura an rubuta ta ne a Landan a watan Fabrairun 1659, ta fam 400, kuma a lokacin ba a kiran irinta cek, ana ce mata "drawn note" ne. Abin ya riga sunan zuwa, sunan kuma da ya zo, a kan gindin ya fara sauka kamar yadda Baba ya faɗa. Sannan in ƙara maka wani abu: masu ƙamusun Larabci na da sun lissafa "sakk" cikin kalmomin da aka aro daga Farisanci, daga "chak", wato takardar shaida. Ko ka ci gardamar, Farisa za ka mayar da mu.

Ɗalibin_Fiƙihu: Malam, rashin ganin sawu ba ya nufin ba a bi hanyar ba, domin 'yan kasuwa sun fi yin magana da baki a kan rubutu, kuma ba kowace takarda ce ta tsira ba. Ina iya sassautowa in ce wataƙila kalmomin biyu sun haɗu ne a hanya, ɗaya ta ƙarfafa ɗaya.

Mai_Tarihi_Sakkwato: Gyara kaɗan ga Ɗalibi, ba a kan kalmar ba. Masanin tarihi Nehemia Levtzion ya yi nazarin wannan labari na Ibn Hauƙal a 1968, ya kuma kawo hujjojin cewa a Sijilmasa ya ga takardar, bai tsallaka Sahara ya isa Audagust da ƙafarsa ba. Wannan bai rage darajar takardar ba, amma yana da kyau a san inda aka gan ta.

Ɗan_Damagaram: Gaisuwa daga Zinder. Mu da muka yi karatu da Faransanci, wannan muhawara ta buɗe mana wata ƙofa. A wurinmu "échec" ba ya nufin bincike ko kaɗan, yana nufin faɗuwa. Ranar da aka kafe sakamakon jarrabawa a allon makaranta, wanda bai ga sunansa ba shi ne ya yi "échec", kuma kalma ce da ɗalibi ba ya son ji. Wasan ces kuma sunansa "échecs", da harafin jam'i a ƙarshe, daidai da abin da Malam_Nahawu ya bayyana. Ke nan Faransawa sun dubi sarkin da aka ritsa sun ga wanda ya sha kaye, Turawan Ingila kuma sun dubi wanda ya ritsa shi sun ga mai tsayarwa da bincike. Abin dariyar shi ne, "chèque" da muke kai wa banki a nan, Faransanci ya sake aro shi ne daga Turanci, wato kalmar ta haye teku ta yi shekaru ɗaruruwa, ta dawo gida da wata riga har 'yan gidan ba su gane ta ba. Wannan ma yana cikin abin da ya sa nake ganin hujjar Malam ta fi ƙarfi, domin da ta Bahar Rum cek ya zo, da Faransa ya fara sauka kafin Ingila.

Hajiya_a_Amurka: Ni abin da ya faru da ni zan faɗa. Watana na farko a ƙasar nan, wata abokiyar karatuna ta kai ni gidan cin abinci, da muka gama sai na ji ta ce wa mai hidimar ya kawo "check". Gabana ya faɗi, domin a sanina cek takarda ce da kai kake rubutawa, ni kuwa ko asusun banki ban buɗe ba tukuna. Na sunkuya na raɗa mata cewa tsabar kuɗi ce kawai a jakata, ta yi ta dariya har da hawaye, sai ga mutumin ya dawo da 'yar takarda a cikin faranti, an jera abin da muka ci da kuɗinsa. A Ingila "bill" suke cewa. A nan kuma idan ka ba da rigar sanyi ajiya a ƙofar zauren taro, 'yar lambar da za a ba ka ita ma "check" ce, kuma da na karanta bayanin Baba a kan sandar da ake rabawa biyu sai na ga abu ɗaya ne, rabi a hannunka, rabi a jikin rigar. Wasan da ake kira draf a gida, a nan "checkers" ne, saboda allon.

Ɗan_Kurmi: To, tunda komai na sarkin Farisa ne, ƙasar Cek da ke Turai ita ma tasa ce?

Ɗan_Damagaram: A'a, wannan kam garin tuwo ne da garin zama. Sunan ƙabilar ne a harshensu na Silabiyawa, a kunne kawai ya yi kama.

Lauya_Mai_Koyo: Akwai ma'anar da ba a tsaya a kanta ba, alhali ita ce ta fi shafar rayuwarmu. A darasin tsarin mulki ana koya mana "checks and balances", wato yadda majalisa da ɓangaren zartarwa da kotu kowanne yake taka wa ɗan'uwansa birki. Amurka ta gina tsarin mulkinta na 1787 a kan haka, Nijeriya kuma ta ɗauko salon a tsarin mulkin 1979. Na sha ganin ɗalibai suna fassara shi da "bincike da daidaito", kuma a ganina kuskure ne, domin ma'anar tsayarwa ake nufi, ba ta dubawa ba. Idan shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a kan ƙudiri, majalisa kuma ta tara kashi biyu cikin uku ta zartar da shi, ba bincikensa ta yi ba, hana shi motsi ta yi. A nan kalmar ta koma gidanta na farko, domin mai mulki ne ake ce wa ya kula.

Tsohon_Akawu: Lauya ya tuna mini da ɗaya gefen. Turawa suna cewa an ba mutum "blank cheque", wato an sa hannu an bar gurbin adadi a buɗe, kuma a siyasa suna nufin an sakar masa mara ya yi yadda ya ga dama. Kalma ɗaya ke nan take nufin taka birki, take kuma nufin cire birkin gaba ɗaya. Na taɓa ganin irin wannan takarda da idona sau ɗaya, wani attajiri ya aiko yaronsa da ita a cikin ambulan, hannuna yana rawa na kai wa manaja, shi kuma ya ƙi biya sai da ya aika aka kira mai asusun.

Malama_Bazazzagiya: Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abin da na shirya yi ranar Litinin shi ne, zan ari allon ces daga ɗakin wasanni in ajiye a kan tebur, in ritsa sarki a gaban 'yan aji, sannan in bar su su nemo ma'anoni ukun da kansu. Maganar cek kuwa zan kawo musu ra'ayoyin biyu kamar yadda Baba da Ɗalibin_Fiƙihu suka shimfiɗa su. Saura alamar jan biro da na ambata tun farko, wadda babu wanda ya taɓo. Mu a makaranta "tick" muke cewa kamar Turawan Ingila, Amurkawa ne suke ce mata "check".

Malam_Nahawu: Wannan tana cikin na baya-bayan nan, Malama, a ƙarni na 19 ta bayyana, kuma daga ma'anar tantancewa ta fito: akawu ya duba layi ya ga ya yi daidai, sai ya yi masa alama domin kada ya sake bi ta kansa, sunan aikin ya koma kan alamar.

Ɗalibin_Fiƙihu: Malama, idan za ki kawo ra'ayoyin biyu, ina roƙon ki rubuta musu "sakk" da haruffan Larabci a allo, ki kuma furta shi da sadi mai kauri, su ji da kunnensu kafin su zaɓa.

Ɗan_Damagaram: In haka ne, sai ta rubuta "chak" na Farisanci a gefensa, tunda Malam ya ce daga can aka aro shi.

Almajirin_Gwale: Kuma kada a manta da "mata", domin ni har yanzu ban ga hujjar da ta raba ni da ita ba.